Maiƙo a Maƙogwaron Inji

Ƙarƙashin darbejiyar bakin titi,
kafin ka shiga Gujungu,
nan nake zama, ni Ilu.
Shekara goma sha tara ke nan
ina leƙa cikin motocin mutane,
ina ganin abin da masu su ba su gani.

Da hantsi Sabitu ya turo a-kori-kura,
shi da yaron motarsa, suna haki,
buhu takwas na riɗi a baya.
Ya ce, "Ilu, tari take.
In na taka sai ta shaƙe,
shuɗin hayaƙi ya biyo ni har tasha
kamar mai bina bashi."

Na ɗaga bonet, na ɗauko sifana sha biyu.
Noti shida ne. Biyar sun ba da kai,
na shidan sai da na lallashe shi da kananzir.
Manifol ya fito hannuna da ɗuminsa
kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Nan hanyar numfashi ce,
iska ke bi, da ɗan fetur a bayanta.
Na zura yatsa, ya fito baƙi ƙirin,
maiƙo mai danƙo, ya cakuɗe da jar ƙasar hanya,
ya kwanta a lungu
kamar miyar da ta kwana uku a kasko.

Baƙin mai, gidanka can ƙasa ne,
wa ya aike ka maƙogwaro?
Ruwa ba ya tsami banza.
Ringi sun cinye, fiston na huci ta gefe,
tururin ya bi tiyo ya hau sama,
ya sami wuri mai sanyi ya zauna,
ɗigo bisa ɗigo, damina da rani.
Duk kwalbar da Sabitu ya ɗura da asuba
don kada kunnensa ya ji kuɗin gyara,
ga ta nan, ta bar sawu.

Na ce masa sai an sauke inji.
Ya dubi riɗi, ya dubi taya, ya sosa ƙeya.
"Kai dai wanke min. A yi shi fes.
Jibi mai saye zai zo."

Na ce, wa?

"Malam Nasidi na Majiya, mai noman rani.
Ya sayar da shanun huɗarsa,
ya gaji da biyan kuɗin dakon tumatir."

Na san Nasidi.
Bara ya kawo min injin ban-ruwa a kan keke,
ya biya ni da kwandon albasa,
ya ƙara min da addu'ar da ta fi albasar yawa.

Na tsiyayi fetur a gwangwanin madara,
na ɗauko tsohon buroshi
da tsumman rigar makarantar ɗana.
Na goge, na kurkure, na hura da baki.
Ƙarfe ya yi haske har na ga haƙorana a ciki.
Aiki ya yi kyau.
Ban taɓa jin kunyar aikin da ya yi kyau ba sai yau.

Sati biyu zai yi yana sheƙi.
A na uku ɗigon farko zai dawo,
domin ciwon yana ƙasa, inda tsumma bai kai ba.

Sabitu ya ƙirgo dubu uku, ya tayar,
ta ɗauka bugu ɗaya, ya yi dariya.
Shi ma ba mugu ba ne,
na san asibitin da kuɗinsa ke tafiya.

Yanzu magariba ta wuce.
Na wanke hannu da omo da yashi,
ƙarƙashin farce bai fita ba.
Wani abu ya tsaya min a wuya tun la'asar,
na sha shayin Lawandi kofi biyu, bai wuce ba.

Tsumman na aljihuna, ban yar ba.
Majiya ba nisa a babur.
Na buɗe tanki, na girgiza, na kasa kunne.

Akwai mai.